Kano Pillars: Hasashen Kaka Daga Ƙofar Mata Yake Farawa

An kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars a 1990, bayan haɗe ƙungiyoyi uku na birnin Kano: WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Gwamnatin jihar Kano ce mamallakiyarta, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata shi ne gidanta, kirarinta kuwa Sai Masu Gida. Ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki Kofin Ƙalubale a 2019. A duk faɗin Arewa babu ƙungiyar da ta kama ƙafarta a yawan kofunan Firimiya. Saboda haka duk lokacin da sabuwar kaka ta gabato, hasashen abin da Pillars za ta yi yakan zama abin muhawara a teburin mai shayi da gidajen kallon ƙwallo da shirye-shiryen wasanni na rediyo, tun daga Fagge har Birnin Kudu.

Yawancin wannan muhawara kan sunaye take tsayawa: wa aka sayo, wa ya tafi, wane koci aka ɗauko. Tarihin ƙungiyar kuwa ya nuna cewa ba sunayen ne suka fi yanke hukunci ba. Abubuwa huɗu ne ke ɗaga Pillars ko su kayar da ita: wasannin gida, makin da take tsinta a waje, zaman 'yan wasa da koci wuri guda, da yadda take fita daga wasannin hamayya. Duk hasashen da ya tsallake waɗannan fata ne kawai na masoyi.

Lissafin maki

A tsarin da aka saba, ƙungiyoyi 20 ne ke buga gasar Firimiya, kowace ta yi wasa 38, wato 19 a gida 19 a waje. Nasara maki 3 ce, canjaras maki 1. Biyun farko suna zuwa gasar Zakarun Afirka, ta uku da wadda ta ci Kofin Ƙalubale suna zuwa gasar Confederation, huɗun ƙarshe kuma su gangara gasar 'yan dagaji.

A 'yan shekarun nan zakara yana bukatar maki 70 ko sama da haka. Rivers United ta ɗauki kofin 2022 da maki 77, Enugu Rangers ta ɗauki na 2024 da maki 70, Remo Stars ta ɗauki na 2025 da maki 71. Wasannin gida 19, ko da an cinye su kaf, maki 57 suke bayarwa. Ke nan ƙungiyar da ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya a gaban 'yan kallonta ba, tana bukatar aƙalla maki 13 daga waje kafin ta fara zancen kofi. A ƙasan teburi kuma ana iya faɗuwa da maki arba'in da 'yan kai. Tazarar da ke tsakanin mai neman tikitin Afirka da mai neman tsira ba ta da faɗi, kuma a irin wannan gasa zaftare wa ƙungiya maki 3 babban naushi ne.

Wani abin lura shi ne kofin ba ya kwana biyu a gida ɗaya. Tun da Pillars ta ɗauke shi sau uku a jere, daga 2015 zuwa 2025 babu ƙungiyar da ta kare kambunta. Ya zagaya Aba da Enugu da Jos da Uyo da Fatakwal da Ikenne. Akwa United da ta zama zakara a 2021 ta faɗi a 2025. Wannan yana ba magoya bayan Pillars dalilin sa rai, domin ƙofa a buɗe take ga kowa. Yana kuma gargaɗinsu cewa tsohon suna ba ya hana faɗuwa, abin da su da kansu suka ɗanɗana a 2022.

Gida

Ƙarfin Pillars na asali a Ƙofar Mata yake. Daga 2003 zuwa watan Agustan 2015, shekara 12 cur, babu ƙungiyar da ta doke ta a gida a gasar Firimiya, wasanni sama da 200, har sai da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2-1. Duk kofunanta huɗu a cikin waɗannan shekaru aka ɗauke su.

Wanda ya taɓa ganin ranar wasa a filin ya san dalili. Tun bayan azahar titunan da ke kewaye suke cika da 'yan Adaidaita Sahu da masu tallar rake da gyaɗa da ruwan leda, matasa sanye da riguna masu launin rawaya da kore suna turereniya a bakin ƙofa. Kafin a take wasa da ƙarfe huɗu, kujerun ɓangaren rana sun cika maƙil, masu ganga sun kama aiki. Ɗan wasan baƙi da ya saba buga ƙwallo gaban mutum ɗari biyar, idan ya fito daga ɗakin sauya kaya ya ji filin ya ɗauki "Sai Masu Gida" gaba ɗaya, ƙafarsa takan yi nauyi kafin ya taɓa ƙwallo. Ƙungiyoyi ƙalilan ne a Najeriya ke da irin wannan jama'a.

Amma wannan jama'ar ce kuma ta fi jawo wa ƙungiyar asara a shekarun baya-bayan nan. A 2020 an mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. Da ta dawo Kano a watan Afrilun 2022, wasanta da Katsina United ya ƙare cikin rikici, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci ta tara, ta kore ta zuwa Abuja, a kakar kuma aka zaftare mata maki 3. Ƙarshenta ta faɗi tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ta dawo Firimiya a 2023, sai ga shi a watan Oktoban 2025 an sake komawa gidan jiya: Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe aka tashi 1-1, 'yan kallo suka afka fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukuncin ya zo da zafi: an cire maki 3 da ƙwallo 3, an ci tarar naira miliyan 9.5, an kuma mayar da wasannin gida Katsina.

Lissafin wannan rana shi kaɗai ya isa darasi. Canjaras ɗin da ya fusata mutane maki 2 ya rage wa Pillars. Fushin ya ƙara mata asarar maki 3, ya kuma raba ta da filin da take taƙama da shi. Don haka tambayar farko ga duk mai hasashe ita ce: shin ƙungiyar za ta buga wasanninta 19 a Ƙofar Mata, gaban 'yan kallonta, daga farkon kaka har ƙarshe? In amsar e ce, maki 45 zuwa 50 daga gida abu ne mai yiwuwa. In a'a ce, sauran lissafin duk ya rushe.

Hanya

Wasan waje a Najeriya yana farawa ne tun daga kan titi. Daga Kano zuwa Legas ko Fatakwal ko Uyo tafiya ce ta kilomita 1,000 ko kusa da haka. Motar ƙungiya takan bi Zariya da Kaduna da Abuja da Lakwaja kafin ta gangara kudu, 'yan wasa su wuni a zaune, gwiwa a lanƙwashe, su sauka da kumburin ƙafa, washegari su motsa jiki, jibi su shiga fili. A makon da aka sa wasan tsakiyar mako, sai a yi wannan tafiya sau biyu cikin kwana bakwai. Hanyar ma ba ta rasa haɗari: a watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, tana kan hanyar zuwa Owerri wasan farko na kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni.

An daɗe ana cewa a gasar Najeriya mai gida ba ya faɗuwa. Nuna wasanni kai tsaye ta talabijin da intanet, da hukunta alƙalan da suka yi son kai, sun rage wannan, har cin wasa a waje ya daina zama abin mamaki. Wannan sauyi takobi ne mai kaifi biyu ga Pillars: damar samo maki a waje ta ƙaru, tabbacin cinye na gida kuma ya ragu. Ƙungiyar da ke son gamawa cikin ukun farko tana bukatar cin wasa uku ko huɗu a waje, da canjaras biyar ko shida. Abin da ke kawo irin wannan sakamako shi ne gola mai natsuwa, da masu tsaron baya da suka saba da juna, da kuɗin da za a isa masauki da wuri a huta. Ɗan wasan gaba mai suna ba ya wadatar da ko ɗaya daga cikinsu.

'Yan wasa da koci

Kadiri Ikhana ne ya ciyo wa Pillars kofin 2008. Mohammed Baba Ganaru ya ɗauki na 2012 da 2013, Okey Emordi ya ɗauki na 2014. Kociyoyin sun sauya, amma ƙashin bayan ƙungiyar bai sauya ba: Theophilus Afelokhai a raga, Rabi'u Ali a tsakiya, Gambo Mohammed a gaba, da wasu da suka shekara da shekaru suna wasa tare har kowa ya san inda ɗan uwansa zai tsaya. Daga 2020 zuwa 2025 kuwa kujerar koci ta ga Lionel Soccoia da Ibrahim Musa da Salisu Yusuf da Evans Ogenyi da Abdu Maikaba da Usman Abd'Allah, kowa ya zo da tsarinsa da 'yan wasansa, kafin tsarin ya kama ƙasa an sallame shi ko ya ajiye.

Misalin Remo Stars ya isa a duba. Ƙungiyar ta Kunle Soname da ke Ikenne ta yi ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, sannan ta ɗauki kofi a 2025 ƙarƙashin Daniel Ogunmodede, tana da filinta da makarantar renon matasa. Hawa ne mataki-mataki. Ƙungiyoyin gwamnati irin Pillars suna fama da wata matsala ta daban: shugabancinsu yana bin sauyin siyasa, kuɗinsu yana jiran sa hannun ofis, kwantiragin 'yan wasa kuma yawanci gajere ne. Da zarar matashi ya haskaka, kakar gaba ya tafi. Junior Lokosa ya zura ƙwallo 19 a 2018, ya fi kowa a gasar, ba a jima ba ya koma Esperance ta Tunisiya.

Sunaye biyu ne suka fi cika bakin magoya baya. Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, an haife shi a 1980, ya zura ƙwallo sama da 100 a gasar, kuma bugun tazararsa ya ceci Pillars a wasanni da dama. Ahmed Musa ya fara yin suna ne a Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya wuce VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow da Leicester City da Al Nassr, ga kuma ƙwallo 4 da ya ci wa Najeriya a gasar Kofin Duniya. Ya dawo gida a 2021, ya sake dawowa a 2024 tare da Shehu Abdullahi, a watan Yulin 2025 kuma gwamnatin jihar ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Irin waɗannan manya suna cika fili da 'yan kallo, suna koya wa yara natsuwa. Sai dai kaka mai wasa 38 a kan hanyoyin Najeriya aikin ƙuruciya ce. Ma'aunin gaskiya shi ne yawan 'yan shekara 20 zuwa 25 da za su iya buga wasa 30, da kuma ko an riƙe su shekara biyu ko uku. Kano ba ta rasa irin waɗannan yara ba. Duk unguwar da aka leƙa da yamma akwai fili cike da su.

Abokan hamayya

Hamayyar Pillars iri uku ce, kuma kowace tana da nata tasiri a kan teburi.

Ta farko ita ce hamayyar kofi, wadda babbarta ita ce ta Enyimba ta Aba. Enyimba ta ɗauki Firimiya sau 9, ta kuma ɗauki kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. Daga 2007 zuwa 2015, cikin kaka 9, ƙungiyoyin biyu sun raba kofi 7 a tsakaninsu: Pillars 4, Enyimba 3. A 2019 ma Enyimba ce ta ɗauka, Pillars ta yi ta biyu. Wasa tsakaninsu shi ne ma'aunin da Kanawa ke gane ko ƙungiyarsu ta kai ko ba ta kai ba. Enugu Rangers kuwa tabo ta bari. A wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na 2018 a Asaba, Pillars tana gaba da ci 3-0, saura kamar minti 15 a tashi. Rangers ta farke ɗaya, ta ƙara ta biyu, ta cike ta uku a ƙarin lokaci, sannan ta yi nasara a bugun fenariti. Shekara guda bayan haka Pillars ta share hawayenta a Kaduna, inda ta doke Niger Tornadoes a fenariti ta ɗauki kofin a karon farko. Heartland ta Owerri ma tana cikin wannan sahu: a 2009 Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka bayan 2-2 a Alƙahira, ta tsallake rukunin da ya haɗa da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan, sai Heartland ta tare ta a wasan dab da na ƙarshe. Tun daga nan Pillars ba ta sake kaiwa matakin rukuni ba; a 2019 Asante Kotoko ce ta fitar da ita a Kumasi, bayan Pillars ta ci 3-2 a Kano.

Ta biyu ita ce hamayyar maƙwabta. Tsakanin Kano da Katsina tafiyar sa'o'i biyu zuwa uku ce, magoya baya suna iya bin ƙungiyarsu su dawo a ranar, kuma gasar da ke tsakanin biranen biyu ta girmi ƙwallon ƙafa da ɗaruruwan shekaru. Wasan Pillars da Katsina United shi ne ya fi kowane zafi, shi ne kuma ya fi haɗarin jawo hukunci. Akwai kuma El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, wadda ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 2024, da Wikki Tourists ta Bauchi da Plateau United ta Jos da Niger Tornadoes ta Minna. Duk ɗayansu in ta haɗu da Pillars takan zage damtse fiye da kullum, domin doke babbar yaya abin alfahari ne na shekara guda. Amfanin waɗannan wasanni ga Pillars shi ne tafiyarsu gajera ce, yanayin ma irin na gida ne. A nan ya kamata ta nemi mafi yawan makinta na waje.

Ta uku sabuwa ce. A 2025 Barau FC, ƙungiyar Sanata Barau Jibrin, ta hau Firimiya, jihar Kano ta samu wakilai biyu. Kano ta san manyan ƙungiyoyi kafin Pillars, domin Raccah Rovers ta ɗauki kofin ƙasa tun 1978, amma matasan yau sun tashi ne ba su san wata ƙungiya a garin ba sai ɗaya. Zuwan kishiya yana nufin yaro mai hazaƙa a Kurna ko Gwammaja yana da ƙofa biyu da zai ƙwanƙwasa, kuma wanda ya fi biya a kan lokaci shi zai samu. Akwai kuma fargabar siyasa ta shiga tsakani, tunda ɗaya ta gwamnatin jiha ce ɗayar ta ɗan siyasa. In aka bar hamayyar a cikin fili, alheri ce ga ƙwallon Kano. In aka shigo da tutocin jam'iyya cikin 'yan kallo, ƙungiyoyin biyu ne za su biya tara.

Hasashe

Idan aka haɗa waɗannan, kakar Pillars takan ɗauki ɗaya daga fuska uku. In ta buga duk wasanninta na gida a Kano ba tare da hukunci ba, ta riƙe koci ɗaya, aka biya albashi da alawus a kan kari, ta kuma samo maki 15 ko fiye a waje, to za ta gama cikin biyar na farko, tikitin Afirka ma yana iya samuwa. In gida ya tsaya lafiya amma waje ya gagara, ko aka sauya koci a tsakiyar kaka, matsayi na 8 zuwa na 12 ne makomarta. In kuwa aka sake rufe filin Sani Abacha aka zaftare maki, to neman tsira za ta yi har makon ƙarshe, ko wane ne ke sanye da rigarta.

Zancen kofin Firimiya kuwa sai an yi haƙuri. Ƙungiyoyin da suka ɗauke shi a baya-bayan nan sun gina kansu ne shekara biyu zuwa uku kafin su kai, Pillars ma haka ta yi kafin 2012. Abin da ya fi kusa shi ne Kofin Ƙalubale, gasar da ake fitar da wanda aka doke nan take, inda gogewar manyan 'yan wasa da rana guda mai kyau kan isa. Wasannin da suka kamata a sa wa ido su ne goman farko na kaka, da ziyarar Aba da Enugu, da duk ranar da maƙwabta suka zo Ƙofar Mata.

Nauyin ya rataya a wuyan ɓangarori uku. Gwamnatin jiha ta saki kuɗi kafin a fara kaka, ta bar masu aikin su yi aikinsu. Shugabannin ƙungiya su gyara shingen fili, su tsara sayar da tikiti daidai da yawan kujeru, su kawo isassun jami'an tsaro, su miƙa duk wanda aka kama da jifa ko tsallaka shinge ga hukuma. Ƙungiyar magoya baya kuma ta tsawata wa 'ya'yanta tun kafin alƙali ya busa, domin ita ta san su unguwa-unguwa. Enyimba da Rangers da Katsina United kowace maki 6 kacal za ta iya hana Pillars a kaka guda. Tarzomar yamma ɗaya a Ƙofar Mata tana iya cinye kakar baki ɗaya, kuma an ga haka a 2022.